Kundin tsohon soja: kada gara ta riga iyali

A Gabi, kamar sauran garuruwan gundumar Madarunfa, an san gidan da ya taɓa ba da soja. In an buɗe adakar maigidan, sai a tarar da karne na aikin soja da ya yi ja, da lambar yabo naɗe cikin tsumma, da hoton wani saurayi sanye da kaki wanda jikoki ba su iya gane shi. Ana girmama waɗannan kaya, amma ba a karanta su. Ranar da mai su ya kwanta dama, sai a raba tufafi, a bar takardu ga gara da ɗigon damina.

Wannan sakaci yana da tsada, kuma tarihi ya nuna haka. Tun shekara ta 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen sojoji da ake kira tirayer. Ƴan Nijar sun shiga cikinta, wasu da son ransu, wasu bisa tilas. Sun yi yaƙin duniya na biyu, sun je Indoshin da Aljeriya. Marigayi Seini Kunce kansa ya bi wannan hanya kafin a kafa rundunar sojojin Nijar a 1961. Sakayyar fa? Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, an buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga Turai suna neman kuɗinsu. Hukumomin lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa adadin ya zarce haka nesa. Gardamar ta daɗe domin takardun suna hannun wanda ya yi harbin.

Bayan haka, wata doka ta Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu mulkin kai. Bafaranshe na ganin nasa yana ƙaruwa, abokin yaƙinsa na Afirka yana nan inda aka bar shi. Sai da wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011, kuma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta buƙata ya same shi. Gwauruwar da ba ta da lambar mijinta ta soja, ko takardar aure, da me za ta rubuta? Hakki nawa ya salwanta haka a ƙauyuka, Allah kaɗai ya sani.

Saboda haka haɗa kundin tsohon soja ba aikin ƙawa ba ne, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Babban littafi mai kauri guda ya isa. Shafin farko ya ɗauki cikakken suna yadda aka rubuta shi a karne, ko da Nasara ya karkatar da shi, sannan sunan da aka san mutum da shi a gari, da lambarsa, da shekarar da aka ɗauke shi, da muƙamin da ya fita da shi. A liƙa hotokopi, a adana na asali cikin leda a wuri busasshe, nesa da ƙasa. Kowane hoto a rubuta ƙarƙashinsa wane ne, a ina, yaushe. In tsohon yana raye, ko matarsa, a zauna a saurare su, a rubuta da boko ko da ajami, a kuma ɗauki murya da salula. Wanda takardunsa suka ɓace, kada iyali su yanke ƙauna: ana ajiye bayanan aikin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka a ma'ajiyar soja ta birnin Po, kuma ana iya rubuta mata wasiƙa. Nan ne ɗan gari ma'aikaci zai yi amfani da faransancinsa, ɗan kasuwa kuma ya ɗauki kuɗin hotokopi da na wanke hoto in ya shiga Maraɗi.

Maganar ba ta tsaya ga zamanin Nasara ba. Sojojin Nijar sun je Saudiya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991, sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali. A Inates, cikin Disamba 2019, soja 71 suka rasu. A Shinagodar, cikin Janairu 2020, soja 89. Mutanen Gabi kuwa, da ke maƙwabtaka da dajin Baban Rafi da iyakar Najeriya, sun san abin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka jawo musu, sun san kuma su wa suka kwana a daji domin su yi barci. Yawancin hotunan waɗannan samari suna cikin salula ne kawai, salula kuwa tana faɗawa ruwa, ana sace ta.

Marayan soja zai girma ya tambayi wane ne ubansa. Ya kamata a samu abin da za a ɗora masa a hannu, wanda zai karanta a gida, ya kuma nuna a ofis ranar da ake neman shaida.