An Buɗe Jijiya, Kada Ku Kulle Majiyyaci a Ɗaki

Ya kai mai karatu, idan a gidanku akwai wanda aka yi wa aikin buɗe jijiyar jinin ƙafa, ko kuwa kai ne aka yi wa, ina da ƙorafi a kanka da kan likitanka, kuma ba zan sassauta ba. An kashe dukiya, an sha zaryar asibiti, jini ya koma gudana zuwa ƙafa. Daga nan sai a dawo da dattijo gida, a shimfiɗa masa katifa, a ce, "Baba, ka kwanta ka huta, kada ka wahalar da ƙafar nan." Wata uku, wata shida, ana kai masa tuwo da farfesu har bakin gado. A ido jinƙai ne. A jikinsa kuwa rushe aikin da aka yi ake yi sannu a hankali.

Ka fahimci ciwon tukuna. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙafa har hanyar ta ƙuntata, galibi ga mai shan taba, mai ciwon suga ko mai hawan jini. Alamarsa da aka fi sani ita ce ciwo ko ɗaurewar sha-raɓa idan an yi tafiya, ya lafa da zarar an tsaya. Likita kan buɗe wurin da ɗan balan-balan, ko ya sa ƙaramin bututun ragar ƙarfe ya tokare shi, ko ya ɗinka wata jijiya ta kewaye toshewar. Duk ukun gyaran wuri ɗaya ne. Kitsen da ya toshe jijiyar cinya yana nan a jijiyoyin zuciya da na wuya, wuƙar likita ba ta kai can ba. Shi ya sa abin da ya fi kashe masu wannan ciwo shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Iyali sun zuba wa ƙafa ido, haɗarin kuwa yana ƙirji.

Saboda haka duk wanda aka yi wa wannan aiki ya cancanci irin shirin farfaɗowar da ake yi wa masu ciwon zuciya: atisaye a gaban ƙwararre, taimakon barin taba, gyaran cima, da bin diddigin magani. Ba son raina nake faɗa ba. A shekarar 2012 an wallafa wani bincike a Amurka mai suna CLEVER, inda bayan wata 6 waɗanda aka sa tafiyar atisaye suka fi waɗanda aka sa wa bututun ƙarfe daɗewa suna tafiya a kan na'ura. A 2017 hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka ta amince ta riƙa biyan zama har 36 cikin mako 12, kowane zama minti 30 zuwa 60. Ƙa'idojin manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na ƙasar na 2024 kuma sun nuna amfanin atisayen har ga wanda an riga an buɗe masa jijiya. Hukumar inshora ba ta sakin kuɗi don nishaɗi.

Dalilin a fili yake. Tsokar da ta shekara tana fama da ƙarancin jini ta rame, ta yi rauni, kuma buɗe hanya kaɗai ba ya mayar mata da ƙarfi. Tafiya ce ke koya mata cin moriyar iskar da jini ya kawo, ita ce kuma ke taimakawa wajen sauke suga da hawan jini.

Na san abin da za ka ce: ina muka ga irin waɗannan cibiyoyi a Gusau ko Maraɗi? Gaskiyarka, sun yi ƙaranci, kuma wannan abin kunya ne ga masu tsara harkar lafiya. Amma manyan asibitoci suna da sashen gashin ƙashi, kuma tafiya ba ta buƙatar wutar lantarki. Bayan likita ya tabbatar rauni ya warke kuma zuciya za ta ɗauka, tsarin shi ne aƙalla sau 3 a mako, har tsawon mako 12 ko fiye. A fara da ɗan abin da za a iya, a riƙa ƙarawa har a kai minti 30 zuwa 45. Idan sha-raɓa ta ɗauki ciwo matsakaici, a tsaya ya lafa, a ci gaba. Kada ka ce jan ƙafa zuwa masallacin ƙofar gida ya wadatar. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa tafiyar sanɗa wadda ba ta taɓa tsoka ba ta ƙara wa masu wannan ciwo nisan tafiya ba, mai ɗan sauri ce ta yi amfani. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, ɗa ko jika ya raka shi, a rubuta mintunan a littafi.

Su ma likitoci ba su tsira daga zargina ba. Sau da yawa a kan sallami majiyyaci da takardar magani da ranar cire zare, ba a ce masa uffan game da tafiya ba. Wanda ya iya ɗinka jijiya ba zai gaza rubuta layi biyu zuwa sashen gashi ba. Kuma wane ne ya zauna ya gaya wa mutumin nan cewa kara ɗaya na sigari, ko zaman shisha, yana gaggauta sake toshewar abin da aka buɗe? Wa ya gargaɗe shi kada ya ajiye maganin rage kitse da na hana daskarewar jini, irin su asfirin, don kawai ƙafa ta yi sauƙi? Jin sauƙi shi ne lokacin da mutanenmu suka fi watsar da magani.

Tsoron iyali ma yana da muhallinsa, sai dai a san inda za a ajiye shi. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada a gasa masa ƙafa da garwashi ko ruwan zafi, domin yana iya ƙonewa bai ji ba. Mai gyambon da bai warke ba kada ya fara atisaye sai da izinin likita. Idan ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebe shi, a dakata a nufi asibiti. Idan kuwa ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta kwashe launi, ta mutu ko ta ɗauki ciwo alhali yana zaune, wannan al'amarin sa'o'i ne, kada a jira wayewar gari, kada a biya ta wurin mai ɗori.

Ranar da za ku koma ganin likita, kada ku fito sai kun tambaye shi ranar da za a fara tafiya, minti nawa, da wanda zai duba ci gabanta. Idan ya ce ku dai ci gaba da shan magani, ku roƙe shi ya rubuta muku takardar zuwa sashen gashin ƙashi kafin ku tashi daga kujera.