Zauren Iyali: Idan Rinin Tufa Ya Ɓata Kujerar Mota



Ranar ƙaramar Salla na ari motar wani aminina domin kai iyali gaisuwa. Da muka sauka, sai na tarar shunin sabuwar shaddata ya zauna a kan farar fatar kujera. Hankalina ya tashi, domin kayan aro amana ne.

Musabbabin haka shi ne rinin da bai kama zare sosai ba: gumi ya jiƙa shi, gogayya ta ɗora shi kan fata. Fatar kujerar mota tana da siririn shafi mai kāre ta, kuma a kansa tabon yake tsayawa da fari. Idan ya kwana biyu sai ya nutse ciki, fitar da shi ya yi wuya.

Saboda haka a gaggauta. A kaɗa sabulu marar ƙarfi cikin ruwan ɗumi, a tsoma farin ƙyalle mai laushi, a matse. A fara gwadawa a inda ido ba ya kaiwa. Sannan a shafa sannu a hankali daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa, ana sauya gefen ƙyallen. A bi da ruwa zalla, a bari ya bushe a inuwa, a shafa man fata.

A guji ruwan jabel da fetur da maganin goge jan farce, domin suna cinye shafin har da launin kujerar. Tabon da ya ƙi fita, a kai wa masu gyaran kujera.

Nawa ya fita a shafa ta uku, amma duk da haka na sanar da mai motar. Tun daga ranar, in na sa sabuwar shadda sai na shimfiɗa zane kafin in zauna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.