Addu'a a Teburin Caca: Hujjar Gwaninta Ba Ta Wanke Ɗan Poka

A watan Yulin 2007, a birnin Las Vegas na Amurka, wani mutum mai suna Jerry Yang ya lashe babbar gasar karta ta duniya da ake kira World Series of Poker. Ɗan ƙabilar Hmong ne, haifaffen Laos, ma'aikacin kula da walwalar jama'a a Kalifoniya, kuma ba da karta yake ci da iyalinsa ba. Da dala 225 ya shiga wata ƙaramar gasa wadda ta ba shi kujerar dala 10,000, ya tsallake mutum sama da 6,300, ya tashi da dala miliyan 8.25. Abin da 'yan kallo suka fi tunawa shi ne addu'arsa. Duk sa'ad da aka kife kati ana jiran hukunci, sai ya ɗaga murya yana kiran sunan Ubangiji. A wani zagaye ma, yana roƙo ta nan, budurwar abokin karawarsa Lee Watkinson tana roƙo ta can, kowa yana son Allah ya juya katin zuwa gare shi. Bayan nasara ya yi alkawarin ba da kashi goma cikin ɗari ga ƙungiyoyin agaji.

Tun daga lokacin labarinsa ya zama garkuwa ga Kiristocin da ke zuwa ikilisiya ranar Lahadi bayan sun kwana a teburin gasa ranar Asabar. Garkuwar kuwa ta kara ce.

Adalci ne a fara sallamar tuhumar da ba ta da tushe. Wasu masu wa'azi suna cewa burgar da ɗan poka yake yi, wato ya zuba kuɗi kamar mai riƙe da kati mai ƙarfi alhali hannunsa holoƙo ne, ƙarya ce. Wannan zance bai tsaya da ƙafarsa ba. Kowa a teburin ya san ƙa'idar kafin ya zauna, kamar yadda mai tsaron gida ya san ɗan wasa zai yi kamar zai buga dama ya buga hagu. Haka nan Littafi Mai Tsarki bai ambaci karta ba, kuma da ƙuri'a manzanni suka zaɓi Matiyas a madadin Yahuza. Su kansu ɗarikun ba bakinsu ɗaya ba: 'yan Metodis da 'yan Baptis na kudancin Amurka sun daɗe suna yaƙi da caca, yayin da koyarwar Katolika, a sakin layi na 2413 na Katekizim, ta ce wasan sa'a ba laifi ba ne a karan kansa sai ya hana mutum abin da zai biya buƙatarsa da ta waɗanda ke wuyansa.

Matsalar tana cikin hujjar da masu wasan suka fi alfahari da ita, cewa poka gwaninta ce, don haka ta fita daga sahun caca. Gaskiya ne akwai gwaninta. Alƙali Jack Weinstein na wata kotun tarayya a New York ya amince da haka a 2012, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin nasa a shekara mai zuwa bisa wani dalili na doka. To, a ce an yarda. Daga ina kuɗin gwani yake fitowa? Gasar poka ba ta noma, ba ta ƙira, ba ta saƙa. Abin da aka tara na shiga shi ake rabawa bayan gidan caca ya cire la'adarsa, kuma bisa al'ada kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu wasa ne kawai ke samun wani abu. Sauran suna komawa gida hannu rabbana. Idan sa'a ce zalla, kowa da rabonsa, ba wanda ya ci wani da wayo. Idan kuwa gwaninta ce, to ribar gwani ita ce rashin sanin maƙwabcinsa. A bakin 'yan wasan, wanda bai iya ba sunansa kifi, kuma darasin farko da ake koya wa mai son riba shi ne ya nemi teburin da kifi ya yi yawa, ya lura da wanda ya sha giya, da wanda asara ta ruɗa har ya fara zuba kuɗi cikin fushi. Mutumin da addininsa ya umarce shi ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa, ya kuma ɗauki nauyin raunana, yana buƙatar bayani mai tsawo kafin ya mai da raunin ɗan'uwansa abin farauta. Hujjar gwaninta ƙara masa nauyi ta yi.

Kuma kifin ba da kansa yake zuwa ba, kiransa ake yi. A 2003 wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta intanet a shafin PokerStars ya ci dala miliyan 2.5 a cikin mutum 839. Shekaru uku bayan haka masu shiga sun kai 8,773. Dubban nan sun zo ne da mafarkin cewa su ma talakawan wasa ne da za su wayi gari attajirai. Kowane labarin ɗan koyo da ya yi nasara talla ce ga gidan caca, kuma tallar da aka yi wa ado da addu'a ta fi shiga zuciyar mai tsoron Allah wanda da can yake ɗari-ɗari.

Batun ushiri kuma ba ya warware komai. Kyautar Yang ta amfani yara, wannan ba a musunsa. Sai dai kashi goman da aka bayar ba ya canza hanyar da kashi casa'in suka bi suka zo. Addu'ar ma haka take: wanda ya roƙi katin da zai cece shi ya roƙi katin da zai kori wanda ke zaune a gabansa, tunda tulun ɗaya ne. A 2013 hukumar harajin Amurka ta yi gwanjon munduwar zinaren da Yang ya ci saboda bashin haraji. Masu ganin wannan a matsayin horon Allah sun faɗa kuskure iri ɗaya da waɗanda suka ga albarka a nasararsa, domin dukansu sun mai da aljihu ma'aunin yardar Ubangiji.

Akwai ɗan wasan da wannan suka ba ta shafe shi sosai ba: wanda ya ware dala 40 kamar kuɗin tikitin kallon ƙwallo, matarsa ta san da su, ya zauna da abokai da suka fi ƙarfin asarar, ya tashi ba tare da ya bi sawun abin da ya rasa ba. Wannan yana da wurin tsayawa a koyarwar Katolika, ko da fastonsa na Baptis zai ɗaure fuska. Amma shi ba ya cewa Allah ne ya kira shi teburin don ya ba da shaida, kuma idan ya ga wanda ke gefensa ya fara taɓa kuɗin hayar gida, ana sa ran ya ajiye katinsa ya ja mutumin waje su yi magana, a daidai lokacin da littattafan koyon wasan suke cewa a matsa masa lamba.