Jirgin da Zai Ɗauki Albasar Aliero Shi Ne Zai Kai Mu Hutu

Jama'a, duk lokacin da aka shiga hutu sai ka ga Facebook ya cika da hotunan 'ya'yanmu masu karatu a Turai. Yau suna Faris, gobe Burusel, jibi Balin, duk a cikin jirgin ƙasa, da 'yar jaka guda a baya. A ƙasan hoton kuma sai namu su fara: "Allah Ya ba mu mu ma." Wani kuma ya ce, "To mi ya haɗa ɗan Jega da wanga zance? Mu da muke neman taki da tsaro?"

Ni kam ina ganin zancen ya shafe mu, har ma ya fi shafar mu a kan masu ɗaukar hoton. Ku ɗan ba ni aron hankalinku.

Abin da yaran nan ke amfani da shi tikiti ne guda ɗaya da ake kira Interrail. An ƙirƙiro shi a 1972, yau kuma yana aiki a ƙasashe 33. Tun 2018 ma Tarayyar Turai ke raba irinsa kyauta ga wasu daga cikin matasan da suka cika shekara 18, don kawai su je su ga maƙwabtansu. Daga Landan zuwa Faris awa biyu da 'yan mintuna ne, ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. Wanda bai je Turai ba, ya tambayi alhazanmu da suka hau jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina, kusan kilomita 450 cikin ƙasa da awa uku.

Amma fa ku lura da abu ɗaya. Turawa ba don 'yan yawon hutu suka shimfiɗa dogo ba. Don gawayin kwal da ƙarfe da hatsi da ma'aikata suka yi. Sai da kaya suka riƙe layin, sannan ɗan hutu ya samu kujera a arha. Wannan ita ce maganata gaba ɗaya: inda kaya ba su bi ba, ɗan hutu ba zai bi ba. Mu kuwa kaya muna da su, jirgin ne babu.

Ku dubi Aliero lokacin da albasa ta fito. Tireloli ne jere, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu har ƙetare. Albasa ba ta son zafi, ba ta son jira. Mota ta lalace a hanyar Koko zuwa Yawuri, ko a tsayar da ita shinge bayan shinge, kafin ta isa wani kaso ya ruɓe, asarar kuma a kan manomi take ƙarewa, don shi ake rage wa kuɗin buhu tun a gona. Haka shinkafar fadamunmu, haka dabbobin da ake lodi a Jega, haka amfanin gonar mutanen Maiyama da kewaye. Duk a kan kwalta ɗaya suke gogayya da motocin fasinja, kuma kowa ya san rayukan da hanyar nan ta ci.

Abin takaicin shi ne, ƙetare ƙasashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jega zangon fatake ce tun kafin zuwan Bature. Daga nan ayari ke ɗaura kaya a jakuna, a ratsa Borgu har Gwanja a sayo goro. Kakanninmu sun ratsa ƙasashen da yau ake kira Benin da Togo da Gana, ba fasfo ba biza. Zangon Kumasi da na Akara cike suke da jikokinsu. Sai Bature ya zo da dogonsa, ya kai Kano a 1911, ya ja reshe daga Zariya ya bi Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Nan ya ajiye. Gyaɗa da auduga yake so ya kai teku, bai damu da ya haɗa mu da 'yan'uwanmu ba. Yau kusan shekara ɗari ke nan, Sakkwato ba ta ga jirgi ba, balle Kabi.

Yanzu ku ɗauki taswira ku gani. Daga Jega ka nufi Kamba. Daga Kamba, Gaya ta Nijar nan kusa take. Daga Gaya ka haye gadar Kwara ka shiga Malanbil ta Benin, ka miƙa Paraku, inda tsohon dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Ta arewa kuma Gaya na kallon Doso da Yamai. Wato ƙasa uku ne a bakin ƙofarmu. Da a ce layukan nan sun haɗu, malamin firamare a Maiyama zai iya ɗaukar iyalinsa a hutun ƙarshen shekara, su kwana Yamai, su gangara su ga teku a Kwatano, su dawo ta Legas. Ɗalibin jami'ar Aliero ya je ya ji yadda ake Faransanci a bakin masu shi. Ba sai ɗan mai kuɗi ba.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa da an aza ƙarfe magana ta ƙare. Nijar ta ba mu darasi. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016. Aikin ya tsaya nan, ba a kai shi Gaya ba, ba a haɗa shi da Paraku ba, ga rigimar kotu a Benin kan wa ke da haƙƙin aikin. Layin da bai kai ga tashar ruwa ba, bai kai ga babbar kasuwa ba, wa zai ba shi kaya? Haka ya zauna yana tsatsa.

Darasi na biyu faɗin layi. Tsohon dogonmu na Ingilishi milimita 1,067 ne, na ƙasashen Faransa milimita 1,000, sababbin da ake yi yanzu irin na Abuja zuwa Kaduna kuma 1,435. Ko da a ce sun haɗu a boda, taragon wannan ba zai hau layin wancan ba. Dole tun farko a zauna a yarda da ma'auni ɗaya.

Na uku kuma, wanda ya fi duka, shi ne iyakar kanta. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu damar shiga ƙasashen juna kwana 90 ba biza. Amma mun ga an rufe boda a 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Wa zai zuba dukiyarsa a layin da sanarwa ɗaya ta rediyo za ta iya tsayarwa? Ga kuma tsaro. Harin jirgin Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022 bai bar zukatanmu ba.

Wani zai ce, to tunda matsalolin sun kai haka, a bar zancen. A'a. Mutanen Katsina da Jigawa ba su bari ba. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan Allah Ya sa aka gama, Bakano zai riga mu shiga wata ƙasa a jirgin ƙasa. Ba hassada nake ba, na taya su murna. Tambayata kawai: su wa suka tsaya musu, mu kuma su wa suka tsaya mana? Sunan layin Illela zuwa Sakkwato zuwa Jega zuwa Yawuri ya daɗe a cikin takardun tsare-tsaren gwamnatin tarayya. A takarda yake har yanzu.

Don haka ga roƙona ga 'yan ƙungiyar albasa, da 'yan kasuwar Jega, da malaman jami'a, da ku matasan da ke nan kullum kuna musu kan wane gwani wane ba gwani ba. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo, ɗan majalisar tarayya ne ko sanata, bayan ya gama zancen taki da rijiya, a tambaye shi: ina maganar dogon Jega ta kwana? Sau nawa ka tayar da ita a zauren majalisa? Nawa aka sa mata a kasafi? Kuma a nuna masa cewa na kaya muke so da farko, wanda zai tsaya a Aliero ya ɗauki albasa, ya kuma kalli Kamba da Gaya, ba Abuja kaɗai ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙila mu ba za mu hau ba, amma yaran da ke aji ɗaya yau suna iya hawa idan muka fara matsa lamba yanzu.

Wanda ke da wata fahimta daban, bismilla, ga fili nan a ƙasa. A yi muhawara da ladabi, ban da zagi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da shugabanni masu hangen nesa.