ZARE: Wai bitamin A guba ne? Kafin ki daina cin karas, ƙwai da manja, karanta wannan 🧵

1/ Jiya da daddare ƙanwata ta turo min bidiyo, ta ce: "Yaya, kalli wannan, ni fa har na fara." Wani Bature ne ke bayanin wai bitamin A guba ne, shi ke kawo ƙurajen fuska, kasala da zubewar gashi. Sati 2 ke nan ba ta cin ƙwai, karas, manja ko ganye. Dalilin wannan zaren ke nan.

2/ Bari in faɗi matsayina tun farko: wannan tsarin cin abinci an ƙirƙire shi ne a inda wasu ke fama da yawan bitamin A. Mu a nan ƙarancinsa ne ke makantar da yara yana kashe su. Kwaso shi a kawo gidajenmu ganganci ne. Amma akwai 'yar gaskiya a cikin maganarsu, kuma zan faɗe ta.

3/ Daga ina abin ya fito? Wanda ya fi yaɗa shi wani injiniya ne ɗan Kanada, Grant Genereux. Ba likita ba ne. Ya yi fama da ciwon fata mai tsananin ƙaiƙayi, a 2014 ya yanke duk abincin da ke da bitamin A, ya ce ya warke. Sai ya rubuta littattafai ya zuba a intanet kyauta, mabiya suka taru.

4/ Da'awarsa ba "a rage" ba ce kawai. Cewa yake yi bitamin A ba bitamin ba ne sam, guba ne da hanta ke tarawa, kuma masana sun yi kuskure fiye da shekara 100. Abincinsa kuwa: shinkafa, wake da jan nama. Wato garau-garau ba salak, ba mai, sai tsoka a gefe 😅

5/ To ga inda suke da gaskiya. Bitamin A ba kamar bitamin C ba ne da jiki ke zubar da rararsa ta fitsari. Shi a maiƙo yake narkewa, kuma hanta ce ke ajiye mafi yawansa. In ka yi ta ɗura shi fiye da ƙima, taruwa zai yi. Yana iya jawo ciwon kai mai tsanani, bushewar fata, ciwon ƙashi da lalacewar hanta.

6/ Tarihi ma ya nuna. A tafiyar binciken Douglas Mawson a yankin ƙanƙara na Antatika, abinci ya ƙare musu har suka koma cin karnukan da ke jan kayansu. Abokin tafiyarsa Xavier Mertz ya rasu a Janairun 1913. Masana da dama na zargin yawan bitamin A da ke hantar karnukan ne ya yi masa illa.

7/ Ga lissafin. Namiji baligi yana buƙatar kusan maikirogiram 900 a rana, mace 700. Iyakar da aka ce kar baligi ya riƙa wucewa kullum ita ce 3,000, in daga nama ko ƙwayar magani yake. Giram 100 na hantar sa kuwa ta ninka wannan iyakar. Mai cin hanta kullum, yana haɗawa da kafsol, shi ne ke wasa da wuta.

8/ Kuma a Amurka da Kanada akwai irin waɗannan mutanen da yawa. Ƙwayar bitamin da safe, man hantar kifi da rana, ga madara da hatsin karin kumallo da aka ƙara wa sinadarin, ga masu yayin cin ɗanyar hanta. In irin wannan ya rage ya ji sauƙi, ba abin mamaki ba ne.

9/ Amma "yawansa na cutarwa" daban, "shi kansa guba ne" daban. Gishiri ma in ya yi yawa hawan jini ne. Ruwa ma in ka kwankwaɗa fiye da ƙima a lokaci guda sai a kwasa da kai asibiti. Ba wanda ya ce a daina shan ruwa.

10/ Menene aikinsa a jiki? A can bayan ido akwai ƙwayoyin da ke sa mu gani in haske ya yi ƙasa. Sinadarin da suke kama haske da shi, daga bitamin A ake ƙera shi. Ba hasashe ba ne: George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967 saboda gano yadda wannan ke aiki.

11/ Mu Hausawa ma muna da sunan abin da ke faruwa in ya yi ƙaranci: DUNDUMI. Mutum na gani garau da rana, magariba na yi sai ya koma laluben bango. Tambayi kakarki ta ba ki labari. Harshe ba ya raɗa wa ciwo suna sai in mutane sun sha ganin sa.

12/ Dundumi somin-taɓi ne. In abin ya ci gaba, farin ido ya bushe, baƙin ya yi gyambo ya narke, shi ke nan makanta ta har abada. Bitamin A ne kuma ke kula da lafiyar fatar cikin hanji da hanyar numfashi. Yaron da ba shi da isasshe, gudawa da ƙyanda sun fi yi masa mugun kamu.

13/ Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya: yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu na mutuwa cikin wata 12 da rasa ganin. Afirka da kudu maso gabashin Asiya ne abin ya fi ƙamari. Wato mu.

14/ A shekarun 1980 wani likitan ido, Alfred Sommer, ya yi bincike a ƙauyukan Aceh da ke Indunusiya. An ba yaran wasu ƙauyuka bitamin A, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna mace-macen yara ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a inda aka bayar. An sake gwadawa a wasu ƙasashe, har da Ghana da Nepal.

15/ Daga irin wannan binciken ne aka samo ɗan kafsol ɗin da ake yanke wa baki a ɗiga wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Shuɗi na 'yan wata 6 zuwa 11, ja na 'yan shekara 1 zuwa 5, kusan duk wata 6. Yaron da ƙyanda ta kama ma ana ba shi a asibiti.

16/ Tun 2002 doka ce a Najeriya a ƙara bitamin A a sukari, man girki da fulawa na kamfani. Duba jikin leda ko galan, za ka ga tambari mai hoton ido. Ba don ado aka sa shi ba. An yi haka ne don abincin gidaje da yawa ba ya kawo isasshe.

17/ Ku duba abin da kyau. Tuwon masara ko shinkafa, miya ba ganye sosai, nama sai ranar kasuwa, ƙwai sai an yi baƙo. Abin da Bature ke kira sabon tsarin lafiya, shi ne abin da tsadar rayuwa ta riga ta ɗora wa miliyoyin gidaje dole. Mun san sakamakonsa, muna gani a asibitocin yara.

18/ "Amma Yaya, ni fa na ji sauƙi." Na yarda, ban ce ƙarya take yi ba. Sai dai na tambaye ta me da me ta daina. Ashe har da lemon kwalba, biskit, cincin, ayis kirim da soye-soyen dare. Ta koma dafa abinci da kanta, tana barci da wuri. To wanne ne ya yi aikin? Karas aka ɗora wa laifin kawai.

19/ Na biyu kuma, wanda ya fi ba ni tsoro: hantar baligi mai ƙoshin lafiya na iya riƙe ajiyar watanni da yawa. Ka daina ci yau, ba za ka ji komai ba wata 3, wata 6. Kana cin tsohuwar ajiya ne kana cewa "kun gani? ba na buƙatarsa." Kamar mai cire kuɗi a asusu kullum ba ya zubawa, yana murna kati na aiki.

20/ Na uku, ku lura da yadda mabiya tsarin ke magana a guruf-guruf ɗinsu. In ka ji daɗi, sai a ce tsarin na aiki. In jikinka ya rikice, sai a ce gubar ce ke fita, ka daure. Kowane sakamako nasu ne. Duk maganar da ba abin da zai iya ƙaryata ta, a yi hattara da ita, ko daga bakin wa ta fito.

21/ Za a ce ai shi Genereux ya yi shekaru a kai kuma yana nan da ransa. To. Mutum ɗaya ne, baligi, wanda ya taso a ƙasar da abinci ya wadata, kuma shi ke ba da labarin kansa. A ɗaya ɓangaren akwai gwaje-gwaje a kan dubban yara a ƙasashe daban-daban. Ba a ɗora su a sikeli ɗaya.

22/ Wani abu da bidiyoyin ke haɗewa da gangan ko da rashin sani: bitamin A iri biyu ne a abinci. Na dabba (hanta, ƙwai, madara, man shanu) a shirye yake shiga jiki. Na tsirrai (karas, zogale, alayyahu, kabewa, mangwaro, gwanda, manja) beta-karotin ne, sai jiki ya juya shi, kuma yana rage juyawar in ya ƙoshi.

23/ Shi ya sa ba a samun gubar bitamin A daga cin karas ko miyar zogale. Iyakarta in ka wuce gona da iri tafin hannunka ya yi ruwan lemo, ka rage ya koma daidai. Don haka wanda ya hana ki kwaɗon zogale da sunan kare hanta, bai ma fahimci abin da yake tsoro ba.

24/ To su wa ya kamata su yi taka-tsantsan da gaske?
• Mai juna biyu ko mai neman haihuwa: yawan bitamin A na dabba ko na ƙwaya, musamman a farkon ciki, na iya nakasa jariri. A Ingila shawarar hukumar lafiya ita ce mai ciki ta bar cin hanta. Kar ki sha ƙarin bitamin sai wanda aka ba ki a awo.

25/ • Masu shan isotretinoin don ƙurajen fuska: ɗan gidan bitamin A ne, yana nakasa ɗan tayi sosai. Ba maganin da za ki saya don ƙawa ta ce ya yi mata aiki ba ne. Sai da likita, ba a haɗa shi da ƙwayar bitamin A, ba a ɗaukar ciki a kansa. Man shafawa mai ritinol ma a ajiye shi lokacin ciki.

26/ • Masu shan sigari: manyan bincike biyu, ɗaya a Finland (1994) ɗaya a Amurka (1996), sun nuna ƙwayar beta-karotin mai yawa ta ƙara musu haɗarin sankarar huhu. Ƙwaya fa, ba karas ba.
• Masu ciwon hanta, da masu haɗa ƙwayoyin ƙarin jini da na gyaran fata kala uku-huɗu ba tare da karanta jikin kwalba ba.

27/ Kun ga duk haɗarin nan a kwalba da hanta yake. In kana tsoron bitamin A ya yi maka yawa, buɗe durowarka za ka yi ka duba me kake haɗiya kullum, ka kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya duba. Ba tukunyar miya za ka kai wa hari ba.

28/ Roƙona mafi girma: in kai baligi ne ka nace sai ka gwada a jikinka, ba zan iya riƙe hannunka ba. Amma don Allah kar a sa yara a ciki. Kar a sa mai ciki ko mai shayarwa, domin jariri daga nonon uwa yake samun nasa. Kuma kar wani bidiyo ya sa a ɓoye yaro ranar da ma'aikatan lafiya suka zo da kafsol.

29/ Mun taɓa ganin abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a Arewa a 2003, da shekarun da aka ɗauka ana gyara ɓarnar. Kalmar "guba" in ta shiga guruf ɗin dangi a WhatsApp, ba ta tsayawa a kan wanda ya karanta Turanci ya gane mahallin. Tana kaiwa ga uwar da ke ƙauye a matsayin "an ce".

30/ Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi arha:
• Ganye a miya: zogale, alayyahu, rama
• Kabewa, karas, dankali mai jan ciki
• Mangwaro da gwanda in lokacinsu ya zo
• Ɗan mai a abincin, don sai da maiƙo jiki ke tsotsar sa
• Manja: kar a soya shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfanin
• Hanta jefi-jefi, ba kullum ba

31/ In kuma ƙuraje, kasala ko zubewar gashi ne suka dame ki, suna da dalilai da yawa: ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, rashin barci, canjin sinadaran jiki, ko man da kike shafawa. Gwajin jini ɗaya zai gaya miki abin da bidiyo 50 ba za su gaya miki ba.

32/ Ƙanwata dai mun yi yarjejeniya: ta ci gaba da barin lemon kwalba da soye-soyen dare, ta dawo da ƙwai da miyar ganye, sati mai zuwa mu je a duba jininta. Ta yarda, bayan ta ce na cika surutu 😂

In akwai wanda ya turo muku irin bidiyon nan, ku tura masa zaren. Allah Ya ƙara mana lafiya.