Tsibiran da ke Tsakiyar Abuja: Gida Nasu, Ƙasa ta Gwamnati

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san abin da ake kira tsibiri, domin kuwa kullum yana tsallaka gadar Kata ko gadar Eko kafin ya isa Idumota ko Obalende. To, Abuja ba ta da teku, amma ita ma tana da nata tsibiran. Su ne tsofaffin ƙauyukan da sabon birnin ya tarar a wurin, ya kewaye su da kwalta da benaye ta kowace kusurwa, ya bar su a tsakiya: Garki ta gargajiya, da Jabi, da Utako, da Mabushi, da Durumi, da Kpaduma da ke maƙwabtaka da Asokoro. Mutum na tafiya a kan titin Ladoke Akintola da ke Garki ta Biyu, mai faɗi da fitilu, da ya karya kwana sai ya tsinci kansa cikin lunguna masu ƙunci da kwatami a buɗe, ɗakuna manne da juna, ga masu abinci ga masu tsire ga makanikai. Titin da ya fi suna a wannan yanki ma sunansa titin Legas, kuma cunkosonsa da dare bai bar sunan ya ji kunya ba.

Masu gidaje a waɗannan wurare suna da kuka guda ɗaya wanda ya haifi sauran koke-kokensu duka, watau gini nasu ne amma ƙasar da ginin ke kai ba tasu ba ce a idon doka. Shekara kusan hamsin ke nan Gwamnatin Tarayya ta kasa tsayawa a kan magana ɗaya game da makomarsu. Lokaci ya yi da za ta tsaya. Kuma maganar ta shafi mutanen Arewa mazauna Kudu fiye da yadda ake zato, domin da yawa daga cikin masu fatauci a Agege da Mil Sha Biyu da Idi Araba da Sabo ta Badun, idan Allah Ya buɗa musu, sukan so su ajiye ɗan gida a Abuja, kusa da gida kuma ga kuɗin haya.

Asalin abin ya faro ne tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sa'ad da Janar Murtala Ramat Muhammed ya ba da sanarwar cewa gwamnati ta amince da rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, za a tashi daga Ikko a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta yanko fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta damƙa shi kacokan a hannun Gwamnatin Tarayya. Alkawarin da aka yi a lokacin shi ne za a kwashe mazauna yankin duka, a tsugunar da su a wajen birnin inda suka zaɓa, gwamnati ta biya. An yi wannan alkawari ne bisa zaton mutanen kaɗan ne. Da masana suka shiga daji suka ƙidaya, sai ga ƙauyuka fiye da 800 na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da sauransu, kuɗin diyya kuwa ya fi ƙarfin aljihun gwamnati.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. A watan Yuli na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ce wanda aikin gini bai taɓa ba ya yi zamansa, sai wanda aiki ya iso kansa za a tayar. Haka aka kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a Jihar Neja, daga baya aka kai na Maitama Kubwa. A ƙarshen 1992, shekara guda bayan Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai aka ce a'a, ƙauyen Garki ba zai tashi ba, za a haɗe shi da birni, a shigar masa da hanya da ruwa da wuta. Mutane suka saki jiki, suka rushe ɗakunan jar ƙasa suka ɗora bulo. A 1999 aka sake juya magana, aka koma batun tayarwa, har aka gina gidaje a Jibi domin mutanen Jabi da Kado da Gwarimpa, amma da aka gama ginin sai 'yan sanda suka tare a ciki. Zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i yana Ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, aka ƙaddamar da sababbin matsugunai a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa, aka ce mutanen Garki su koma Apo. An gina gidaje a Apo, an raba, wasu sun tare, wasu sun sayar, wasu sun ce ƙidayar da aka yi ba ta sa 'ya'yansu da suka girma suka yi iyali ba. Ƙauyen Garki kuwa yana nan daram inda yake, jama'arsa ma sun ninka.

Yanzu a dubi halin mai gida a cikin irin wannan tsibiri. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mallakar duk wata ƙasa da ke Babban Birnin Tarayya tana hannun Gwamnatin Tarayya. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Madu da Madu ta 2008, ta tabbatar da cewa babu mallakar gargajiya a Abuja, Minista ne kaɗai ke ba da fili. Ma'anar wannan ita ce mutumin da aka binne cibiyarsa da kakanninsa a Garki ba shi da takardar shaidar mallaka a kan gidan da ya gada. Tun da ba shi da ita, hukumar kula da gine-gine ba za ta sa masa hannu a zanen gini ba, saboda haka duk ɗakin da ya ƙara haramtacce ne a wurinta. Banki ba zai karɓi gidan jingina ya ba shi rance ba. Hukumar Raya Babban Birni, watau FCDA, ba ta son kashe kuɗi wajen haƙa magudanar ruwa a unguwar da takardunta suka nuna tashi za ta yi. Shi kansa mai gidan ba ya son yin ginin ƙwarai, domin bai san ranar da za a wayi gari a ga jan fenti a bangonsa ba. Sai ya jera ɗakuna ciki-ɗaya, banɗaki guda ga mutum ashirin, ya karɓi haya tun da sauran dama. Daga nan kuma jami'an gwamnati su zo su nuna ƙazantar da cunkoson, su ce ai ga dalilin da ya sa dole a rushe. Wanda ya hana mutum gyara gidansa ba shi da bakin zarginsa da zama cikin kango.

Abin mamaki kuma shi ne birnin ba ya iya rayuwa ba tare da waɗannan ƙauyuka ba. Direba da maigadi da masinja da mai wankin mota da mai shara, waɗanda ke hidima a Asokoro da Maitama da ofisoshin Eriya Goma Sha Ɗaya, albashinsu ba ya biyan hayar ɗaki a cikin gari, kuma kuɗin mota daga Maraba ko Suleja ko Gwagwalada kullum yana cinye rabinsa. A tsibiran nan suke kwana.

Sai dai masu gidajen ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe kunne. Akwai 'yan asalin wurin, waɗanda sunansu ke cikin rajistar sashen tsugunarwa da biyan diyya. Idan katafila ta zo, su aƙalla suna da alkawarin gida ko fuloti a wani wuri, ko da cika shi zai ɗauki shekaru. Akwai kuma waɗanda ake kira baƙi, watau Bahaushe ko Bayarabe ko Inyamuri ko Tibi da ya sayi ɗan fili a hannun ɗan gari, aka rubuta takarda, dagaci ko mai unguwa ya buga hatimi, shaidu suka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. A Kano ko Katsina irin wannan takarda tana da daraja, har ana iya ɗora neman takardar gwamnati a kanta. A Abuja ba ta wuce rasidin kuɗi ba, domin wanda ya sayar ɗin ya sayar da abin da doka ta ce ba nasa ba ne. An ga haka ƙarara lokacin rusau na 2005 da 2006 a Idu da Karmo da Chika da Aleita, inda a wurare da dama aka tsallake gidajen 'yan asali aka baje na baƙi. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutum fiye da 800,000 ne suka rasa muhalli a Abuja tsakanin 2003 da 2007. A watan Nuwamba na 2024 aka baje unguwar Ruga da ke kusa da Wuye, inda 'yan Arewa masu ƙananan sana'o'i suka fi yawa.

Dattawan da suka daɗe a Ikko ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga Maroko da idonsu a watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, sa'ad da aka ba da wa'adin kwana bakwai aka tashi mutum kimanin 300,000 a tsakiyar damina. Filin nan yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Ba a cewa kada gwamnati ta yi hanya. Birni dole ya girma, kuma wani lokaci hanya sai ta ratsa ta ɗakin wani. A watan Maris na 2025 an rushe wani ɓangare na Gishiri domin titin da zai haɗa Maitama da Katampe, aka yi tirka-tirka kan diyya, har Minista Nyesom Wike ya ce a biya duk wanda gininsa ya faɗi, ɗan asali ne ko ba ɗan asali ba. Wannan magana daidai ce. Illa dai maganar baki ce ta Minista guda a kan unguwa guda, wanda zai gaje shi kuma yana iya cewa bai san zancen ba, kamar dai yadda aka yi wa alkawarin 1992. Abin da ake bukata shi ne a rubuta ta cikin doka. Sa'an nan a tuna cewa diyyar da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada ta gini ce da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar ba, shi ya sa mutum kan karɓi kuɗin da ba zai saya masa ko rabin fuloti a Kuje ba, alhali filin da aka tashe shi a kai ya koma hannun mai kuɗi a kan miliyoyi.

Hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi adalci ita ce gwamnati ta ɗauki ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya ta faɗi matsayinta a rubuce, da rana da wata. Wanda zai zauna, kamar Garki da ta riga ta zama ƙashin bayan unguwarta, a aika safiyo su auna kowane gida, a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, wanda hanya ta ci a biya shi, sauran kuma a ba su takardar shaidar mallaka su riƙa biyan harajin fili kamar kowa. Gwamnatin da a watan Maris na 2025 ta soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwanni saboda an shekara goma ko fiye ba a biya harajin ba, har a watan Mayu ta garƙame hedkwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse a kan wannan batu, ta nuna tana son kuɗin shiga. To, ga dubban masu gidaje nan da ke roƙon a ba su takarda domin su biya. Ƙauyen da ya zama dole ya tashi kuwa, a gama gina inda za a kai mutanensa tukuna, da ruwa da makaranta da hanyar mota, a sake ƙidaya da sunan kowane magidanci na yau, ba na shekara ashirin da suka wuce ba, kafin a tayar da injin katafila.

Su ma sarakuna da dagatai na waɗannan wurare akwai nasu laifin. Sun fi kowa sanin cewa hatiminsu ba ya tsayawa a gaban alƙali, amma ana ta bugawa ana karɓar na goro. Ya kamata majalisar sarakunan Abuja ta tsawata.

Ga mai niyyar saye daga Kudu, akwai abin da ya kamata ya sani ko da an nuna masa takarda mai tambarin hukuma. Takardun da ƙananan hukumomi shida na Abuja, watau Birni da Kewaye, da Bwari, da Kuje, da Gwagwalada, da Kwali, da Abaji, suka riƙa rabawa a da, tun 2006 aka ce a kawo su a tantance. A 2025 hukumar Abuja da kanta ta bayyana cewa cikin takardu fiye da 260,000 da aka miƙa, waɗanda aka duba ba su kai 10,000 ba. Saboda haka kada a aika kuɗi ta waya don kawai wani ɗan'uwa ya ce ya ga wurin kuma akwai 'yan haya a ciki. A nemi lambar fayil ɗin filin a hannun mai sayarwa, a ba lauya ya kai ofishin AGIS mai ajiye bayanan filayen Abuja, a biya kuɗin bincike, a ga sunan wa ke kai, kuma ko an soke ko akwai bashin haraji. Idan mai sayarwa ya ce wurin ƙauye ne ba shi da lambar fayil, to bulo da kwano kawai yake sayarwa, sai a yi cinikin a kan kuɗin da hayar shekara biyu ko uku za ta iya mayarwa.