Saƙon Tuni A Waya Da Takardun Tambayoyi

Duk wanda ya taɓa raba takardun tambayoyi cikin birnin Zazzau ya sani ba rabawar ce aiki ba, dawowarsu ita ce aiki. A ce likitocin Asibitin Koyarwa na Shika suna gwada wani magani, bayan wata uku suna so su ji yadda jikin kowa ya kasance. In rabin mutanen suka yi shiru, to, lissafi ya ɓaci, gama mai yiwuwa ne waɗanda maganin bai karɓe su ba su ne suka ƙi amsawa.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 aka sami hanya mai arha ta yin tuni, watau ɗan gajeren saƙo. Muna goyon bayanta, amma fa kada a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. A Ingila masu bincike na Jami'ar York sun gwada ta sau da dama: a raba mutane kashi biyu, a aika wa waɗansu saƙo, a ƙyale waɗansu. Wani lokaci amsa ta ƙaru kaɗan, wani lokaci ba a ga bambanci ba. Can kuwa kusan kowa yana karatu, kowa da wayarsa.

Mu nan fa? A Kwarbai ko Limancin Kona waya ɗaya takan zama ta gida duka, tana aljihun maigida, alhali uwargida aka ba maganin. In saƙon ya ambaci cutarta, an tona mata asiri ke nan. Dattijon da ya ƙware a ajami kuwa sai ya nemi jikansa ya karanta masa boko. Haruffanmu ma da tasu rigimar: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Ga shi kuma jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba, saboda haka saƙon Turanci daga baƙuwar lamba ba ya samun kunne.

Shawararmu ita ce, tun ranar da aka rubuta sunan mutum a tambaye shi wayar wa ce. A rubuta saƙon da Hausa, da sunan ma'aikacin da ya gani ido da ido, kuma mai unguwa ya san da maganar.

Ku kuma malamai da akawuna, ku ne maƙwabta za su kawo wa takardar. Ku karanta musu, ku rubuta abin da suka faɗa daidai, kada ku rubuta abin da kuke tsammani likita yana so ya ji.